Cinikin Kabon da Gonar Mubi: Wa Zai Auna, Wa Zai Karɓa?

Da zarar an gama cire masara da yankan dawa a karkarar Mubi, abin da ya rage a gona shi ne kara, kuma karan nan ba ya rasa masu nema. Makiyayi yana so saboda shanunsa, uwargida tana so saboda murhu, maigida yana so ya gyara danga ko ya kafa rumfa, mai turka kuma ya riga ya ɗaure harawar wake da ta gyaɗa ya ɗora a sama, don ya san tsadar da za ta yi a watan Maris da Afrilu. Abin da waɗannan suka bari gara ta ci, sauran kuma wutar sharar gona ta lashe shi kafin ruwan shuka. Ƙasar da ta fitar da karan ita ce ta ƙarshe a rabo, sau da yawa ma ba ta samun komai. To yanzu ga wani sabon mai nema daga nesa. Manyan kamfanonin jiragen sama, na man fetur da na fasahar sadarwa, ba karan suke so a kai musu ba. So suke a bar shi ya ruɓe a gonar, su biya kuɗi, su rubuta a littafinsu cewa sun rage hayaƙin da suke turawa sama. Wannan shi ake kira kasuwar kabon. Ra'ayina a kanta shi ne, aikin da ake so manomi ya yi alheri ne ga gonarsa ko ba a ba shi ko sisi ba, amma kuɗin da ake kwaɗaita masa kaɗan ne, yana daɗewa bai zo ba, kuma yakan zo da sharuɗɗan da za su iya taɓa abin da ya fi kuɗin daraja, wato ikonsa a kan gonarsa da zamansa da makiyayi.

Ilimin abin ba shi da wuyar fahimta. Tsiro yana zuƙar iskar kabon daga sararin sama, ya haɗa da ruwa da hasken rana ya gina ganye da kara da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen kara kabon ne. Idan aka ƙone shi, nan take kabon ɗin ya koma sama. Idan ya ruɓe a ƙasa, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ci shi, mafi yawansa ya koma sama a hankali, ɗan kaɗan ya zauna ya zama baƙar ƙasan nan mai laushi da kowane manomi ya sani a tsohon juji ko makwancin shanu. Masana sun ƙiyasta cewa mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana riƙe da kimanin tan biliyan 1,500 na irin wannan kabon, kusan ninki biyu na wanda ke yawo a sararin sama. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Paris a 2015 gwamnatin Faransa ta fito da shirin da ta kira "4 cikin 1,000", bisa lissafin cewa da za a riƙa ƙara wa ƙasar duniya kabon da kashi 0.4 cikin ɗari kowace shekara, da an shanye wani babban ɓangare na hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa. Masana da yawa sun ce lissafin ya yi zari, amma ya buɗe ido: gona ma rumbu ce ta ajiye kabon.

Kasuwar kuma ga yadda take. Duk tan ɗaya na iskar kabon da aka hana fita, ko aka janyo daga sama aka adana, ana ba shi takardar shaida guda, kuma takardar ce ake saye da sayarwa. Tan ɗaya na kabon a cikin ƙasa daidai yake da tan 3.67 na iskar. Tushen cinikin yana cikin yarjejeniyar Kyoto ta 1997, sannan sashe na 6 na yarjejeniyar Paris, wanda sai a taron Baku na 2024 aka kammala amincewa da manyan ƙa'idojinsa. Kasuwar iri biyu ce, kuma a nan ne ake yawan rikita mutane. Akwai ta tilas, irin ta Tarayyar Turai, inda doka ta wajabta wa masana'antu su sayi izinin fitar da hayaƙi, inda kuma farashin tan ya haura yuro 100 a watan Fabrairun 2023. Takardar manomin Afirka ba ta shiga can. Kasuwarsa ita ce ta ganin dama, wadda kamfani ke shiga don gyara sunansa, kuma a 2022 da 2023 matsakaicin farashin tan a cikinta bai wuce dala 7 da 'yan kai ba. Duk wanda ya zo ƙauye yana faɗin farashin Turai, ko dai bai san kasuwar ba, ko kuma ya san ta sarai. Najeriya ta shiga sahu: Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi. A 2022, a Sharm el-Sheikh, aka ƙaddamar da shirin kasuwannin kabon na Afirka, mai burin takardu miliyan 300 da kuɗin shiga dala biliyan 6 a shekara nan da 2030. A Abuja maganar biliyoyi ake yi. Abin tambaya shi ne nawa zai sauko ƙauyukan Mubi irin Digil ko Vimtim.

Cewa ƙasar Mubi tana bukatar kabon, wannan ba abin gardama ba ne. Garin yana gindin duwatsun Mandara, ruwan sama yana sauka kimanin milimita 900 zuwa 1,000 cikin watanni biyar ko shida, kuma yakan zo da ƙarfi a kan gangaren da aka share tas. Ruwan ya kwashi saman ƙasa ya nufi kogin Yedzaram da shi, ya bar kwazazzabai irin waɗanda masu bincike suka sha aunawa a Digil, Vimtim, Muvur, Gella da Lamorde. Kabon ɗin da ke yawancin gonakin tudu na arewacin Najeriya bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ƙasa irin wannan ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe taki. Manomi ya zuba buhun da ya saya da tsada, ruwa biyu ya wanke rabinsa. A Samaru ta Zariya akwai gwajin da aka fara tun 1950, ana kwatanta filin da ake zuba wa kashin shanu, da wanda ake zuba wa takin zamani, da wanda ake haɗa masa duka biyun. Darasin da shekaru suka bayar shi ne takin zamani zalla, musamman mai sa ganye, yana sa ƙasa tsami kuma amfani ya riƙa ja baya, amma inda aka haɗa shi da kashin shanu ƙasa tana riƙe ƙarfinta. Manoman kewayen Kano, waɗanda Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin nomansu, sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ta hanyar ciyar da dabbobi da harawa da mayar da takinsu gona a kan jaki. Duk wannan ajiyar kabon ce, an yi ta tun kafin a san za a iya sayar da ita.

To bari mu yi lissafi, domin a nan ne zancen yake sauka ƙasa. A yanki mai zafi da dogon rani, inda ruɓewa ke da sauri kuma gara ba ta barci, abin da masu bincike suka fi samu shi ne kyakkyawan aiki bai cika ƙara wa hekta ɗaya rabin tan na kabon a shekara ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Mu yi wa manomin kirki mu ce ya sami rabin tan cif. Wannan ya ba shi tan 1.8 na iskar kabon, wato ƙasa da takarda biyu. A dala 7, kuɗinsu kimanin dala 13 ne. Idan aka canza kowace dala a naira 1,500, bai kai naira 20,000 ba, kuma bai sayi buhun taki ɗaya ba. Wannan kuwa kafin a cire kuɗin masu aunawa, da masu tantancewa, da hukumar rajista, da kamfanin da ya shirya aikin, da kason da ake ajiyewa a asusun ko-ta-kwana saboda gobara ko fari. Idan kuma wannan aikin ya ƙara wa gonar buhu biyu na masara, ribar hatsin ta ninka kuɗin takardar sau da dama. Ke nan dukiyar tana cikin amfanin gona, takardar ɗan ƙari ce.

Kada a ce lissafin kan takarda ne kawai, an gwada abin a maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, asusun kabon na Bankin Duniya ya tallafa wa shirin dashen dakwara, itacen da ke ba da ƙaro, a kan lalatattun filaye tun daga 2006. Sai a farkon 2020 al'ummomi 26 da suka yi aikin a kan hekta kimanin 7,200 suka karɓi biyan farko, dala 450,000. Kuɗi ne mai kauri idan aka faɗe shi dunƙule, kuma ya yi wa ƙauyukan amfani. Amma a raba shi a kan hektocin da shekarun jira 14, sai a ga kowace hekta ba ta samu dala 5 a shekara ba. A yammacin Kenya kuma, ƙungiyar Vi Agroforestry ta ƙasar Suwidin ta fara shirin kabon na ƙasar noma a 2009 da manoma kimanin 60,000 a kan hekta 45,000, shi ne na farko irinsa a Afirka. A watan Janairun 2014 aka ba shi takardun farko na tan 24,788. Tun a 2011 cibiyar IATP ta Amurka, mai nazarin manufofin noma da ciniki, ta yi lissafin cewa abin da zai shiga aljihun kowane manomi bai fi dala ɗaya da ɗoriya a shekara ba. Abin da Bankin Duniya kansa ya fi yin alfahari da shi a shirin shi ne masarar manoman ta ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Me ya sa kuɗin ke narkewa a hanya? Babban dalili shi ne awo. Saman hekta ɗaya, zurfin santimita 30, nauyin ƙasarsa ya kai tan 4,500. Idan kabon ɗinta kashi 0.6 ne cikin ɗari, akwai tan 27 a ciki. A ƙara mata tan 0.3 a shekara, kason ya tashi daga 0.600 zuwa 0.607. Bambancin da ke tsakanin gindin ɗorawa da tsakiyar gona, ko tsakanin inda suri yake da inda babu, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Dole sai an haƙa ramuka da yawa, an kai ƙasar ɗakin gwaji, an jira shekara biyar ko fiye, kafin a iya cewa da gaske wani abu ya ƙaru. Manomin Amurka mai hekta dubu zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya. Mai hekta ɗaya da rabi, a wuri uku daban-daban, ba zai iya ba. Saboda haka yawancin shirye-shiryen ƙananan manoma ba sa auna kowace gona. Tambayar manomi suke yi abin da ya aikata, su zuba amsar a kwamfuta, ita kuma ta ƙiyasta kabon ɗin. A kasuwar shanu ta Mubi, mai saniya ya san saniyarsa, mai saye yana ganinta yana shafa ta, kuma kowa ya san la'adar dillali kafin a yi sallama. A cinikin kabon mai kaya bai taɓa ganin kayansa ba, dillalin ne ke aunawa, shi ke sanin farashin da aka sayar, shi ke fara cire nasa, sannan ya faɗa wa mai kayan abin da ya rage. Ba sai dillalin ya zama maha'inci ba kafin wannan tsari ya zama abin tsoro.

Akwai kuma wata ƙa'ida da take da ma'ana a wajen mai saye amma take cizon manomin kirki. Ba a biyan kuɗi sai a kan kabon ɗin da ba zai samu ba in ba don shirin ba. Mutanen duwatsun Mandara sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jera duwatsu suna yin gonaki hawa-hawa don tare ƙasa da ruwa. Irin wannan aikin ne ya sa UNESCO ta sanya Sukur, da ke Madagali arewa da Mubi, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Manomin da ya gaji wannan aiki yake kuma ci gaba da shi, ya bar gawo da ɗorawa da tsamiya a gonarsa, yake kai taki duk rani, ba shi da abin sayarwa, domin ƙasarsa ta riga ta ƙoshi kuma ba shirin ne ya sa shi ba. Wanda ya sare itatuwansa ya ƙone karansa shekara ashirin, shi ne ke da babban gibin da za a cike a biya shi. Duk shugaban ƙungiyar manoma da zai raba irin wannan kuɗi a ƙauye ɗaya, ya shirya amsa tambayoyi.

Inda na fi jin tsoro shi ne batun kara da dabba. Kusan kowane shirin kabon na ƙasar noma yana neman a bar ragowar amfani a gona ya rufe ƙasa. A takarda wannan ba ya cin ko kobo. A Mubi yana ci. Gari ne da arzikinsa ya rataya a kan dabba, shanu suna shigowa kasuwarsa daga Kamaru da Chadi ana lodinsu zuwa kudu, kuma gidaje da yawa suna turka don Sallah da Kirsimeti. Harawa kuɗi ce a hannu, wani lokacin ma manomin wake ya fi dogara da ita a kan ƙwayar. Sannan akwai tsohuwar al'adar da makiyayi ke sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi, manomi ya samu taki, Bafulatani ya samu abincin dabba. Al'adar ta yi rauni, amma inda take da rai tana cikin 'yan abubuwan da suka rage masu sa ɓangarorin biyu su bukaci juna. Yarjejeniyar da za ta ce kada kofato ya taka gonar da aka yi wa rajista ta mai da makiyayi ɓarawon kabon a wurin da jiya baƙo ne da ake maraba da shi. Kuma shanun da aka kora ba ɓacewa za su yi ba, gonar maƙwabci ko sauran dajin da ya rage za su koma, kabon ɗin da aka samu a nan a rasa shi a can. Misalin arewacin Kenya ya isa gargaɗi. Can ƙungiyar Northern Rangelands Trust ta kafa shirin kabon na ƙasar kiwo, ta sayar wa kamfanoni irin su Meta da Netflix takardu bisa alkawarin canza yadda makiyaya ke juya dabbobinsu. A watan Maris na 2023 ƙungiyar Survival International ta zargi shirin da rusa tsarin kiwon gargajiya ba tare da cikakken yardar mutane ba, hukumar rajista ta Verra ta dakatar da shi na wani lokaci, kuma a watan Janairun 2025 wata kotu a Isiolo ta yanke cewa biyu daga cikin gandayen da ƙungiyar ke kula da su an kafa su ba bisa ƙa'ida ba. Jihar Adamawa, wadda ta ga rikicin da ya faru a Numan a 2017, ba ta bukatar sabon dalilin faɗa tsakanin manomi da makiyayi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne kabon ba ya zama a ƙasa shi kaɗai. Baƙar ƙasan nan tana ɗauke da kusan kilo ɗaya na sinadarin naitirojin a kan kowane kilo 12 na kabon. Ke nan ajiye tan ɗaya yana cin kimanin kilo 80 na naitirojin, abin da ke cikin buhu uku da rabi na takin yuriya. Karan masara zalla ba shi da wannan, shi ya sa gonar da aka lulluɓe da shi takan yi ɗorawa-ɗorawa a farkon damina. Sai an haɗa da wake, gyaɗa, waken suya, kashin dabba da itatuwa irin gawo, waɗanda ke kawo naitirojin ɗin. A nan ma dabbar da shirin ke son korewa ita ce rabin maganin.

Sai maganar lokaci da mallaka. Hayaƙin da jirgi ya fitar yau zai daɗe ɗaruruwan shekaru yana ɗumama duniya. Kabon ɗin gona kuwa, huɗa mai zurfi da fari biyu a jere sun isa su mayar da shi sama, kuma bayan shekara 20 zuwa 30 ƙasar takan ƙoshi ta daina karɓar ƙari. Don haka mai saye yake neman alkawarin shekaru ashirin, talatin ko fiye. Wa zai ɗauki wannan alkawari? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya, amma yawancin gonaki ba su da takarda ko ɗaya. Akwai gonar gado da ba a raba ba, akwai ta aro, ta haya, ta jingina, akwai gayaunar da mace ke nomawa a cikin gonar mijinta. Idan mai haya ya gyara ƙasa har ta fara kawo dala, me zai hana mai gona ya karɓe abarsa? Sannan mutanen Mubi ba su manta da ƙarshen Oktoban 2014 ba, lokacin da Boko Haram ta kama garin, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru, aka bar amfani a gona. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma yarjejeniyar da ba ta faɗi abin da zai faru idan manomi ya gudu don ransa ba, ba a rubuta ta don wannan yanki ba. Ita ma kasuwar ba ta da tabbas. Kasuwar kabon ta Chicago ta taɓa biyan manoman Amurka don su daina huɗa, farashin ya faɗi zuwa 'yan santi, aka rufe cinikin a 2010. A watan Janairun 2023 binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare dazuzzuka da Verra ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Verra ta musanta, amma masu saye sun ja baya, cinikin kasuwar ganin dama ya faɗo daga kusan dala biliyan 2 a 2022 zuwa dala miliyan 723 a 2023.

Mai kare kasuwar yana da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Zai ce da babu gara ba daɗi: naira dubu goma a hannun mai ƙaramin ƙarfi a watan Yuni kuɗi ce. Haka ne, matuƙar abin da ya bari don ya same ta bai fi ta ba, kuma harawar hekta ɗaya ta fi ta. Zai ce Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin man fetur da kwal na duniya ba, don haka hakkinta ne a biya ta. Wannan gaskiya ce, sai dai biyan diyya daban, ciniki daban. A ciniki kamfanin yana sayen izinin ci gaba da abin da yake yi ne, kuma zafin da zai biyo baya a kan gonar Mubi zai sauka. Zai ce farashi zai tashi kuma tauraron ɗan Adam zai sauƙaƙa awo. A kan itatuwa wannan ya fara tabbata: shirin Acorn na bankin Rabobank na Holan yana auna itatuwan gonakin ƙananan manoma daga sama, kuma ya ce kashi 80 cikin ɗari na kuɗin takarda na manomi ne. Amma tauraro yana ganin itace, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin kunya. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙarshe: kuɗin kabon ne ke biyan malaman gona, da irin shuka, da tarukan ƙungiya, abubuwan da gwamnatoci suka yi wa riƙon sakainar kashi. A Kenya abin da ya faru ke nan. Na yarda da wannan, kuma saboda shi ne ba na cewa a rufe ƙofa. Amma idan haka ne, a faɗa wa manomi gaskiya tun ranar farko: horo da ƙarin amfani ake kawo masa, ba albashi ba.

Babban aikin ajiye kabon da manoman Hausa suka taɓa yi, ba kasuwa ce ta sa su ba. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara a matsayin ciyayi itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan. Abin da ake bukata kawai a zaɓi toho biyu ko uku a bari, a datse saura. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an raba abinci ga waɗanda suka yarda su yi, aka raini itatuwa kusan 500,000, amma da rabon abincin ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki, abincin dabba, da gero mai kyau a gindin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A lokaci guda aka sassauta dokar dajin da aka gada daga Faransa, wadda ta mai da itacen gona na gwamnati, har manomi ya sakankance cewa abin da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba. Bayan shekara ashirin, binciken Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu na Nijar ya gano itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, da ƙarin hatsi da aka ƙiyasta ya kai tan 500,000 a shekara. Abin da aka biya a yi ya tsaya da biyan ya tsaya. Abin da ya bazu shi ne wanda manomi ya ga amfaninsa kuma ya tabbata mallakarsa ne.

Adamawa tana da damar bin wannan tsari a jere, domin akwai kuɗin gwamnati a ƙasa. Tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a watan Disamban 2021 don farfaɗo da hekta miliyan ɗaya a jihohin arewa 19 da Abuja. Da wani ɗan ɓangare na irin wannan kuɗi, Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, dukansu a cikin Mubi, za su iya auna kabon ɗin gonakin yankin tun yanzu, a ajiye sakamakon a hannun ƙungiyoyin manoma da masarauta da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu. Ranar da mai saye ya zo, zai tarar da masu kaya sun san awonsu. Majalisar dokoki a Yola kuma za ta iya duba abin da Kenya ta yi a gyaran dokarta na 2023, inda ta wajabta a ba al'umma aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin duk shirin kabon da aka yi a kan ƙasarta. Kafin nan, ƙungiyar da aka kawo wa takarda ta nemi a karanta mata ita da Hausa da Fulatanci a bainar jama'a, a rubuta farashin da aka sayar da kason kowa, a rubuta cewa gona ba jingina ba ce kuma ba za a bi manomi bashi ba idan fari ko gudun hijira ya mayar da kabon ɗin sama, a fayyace rabon mai haya da na mace mai gayauna, sannan arɗon makiyayan da ke sauka a gonakin da kaka ya kasance cikin masu sa hannu.